Ntate Obed da Fitilun Asabar

Ranar Juma'a Obed Sekgobela ba ya karyawa a gida. Yakan baro Alexandra da sassafe a tsohuwar a-kori-kurarsa, tuwon masara a kwano a kujerar gefe, lambar cocinsu a ƙirji, ya shigo Sydenham kafin motar shara ta gama zagaye. Daga nan sai gida-gida. Ya danna ƙararrawa, kare ya yi haushi, wata tsohuwa ta leƙo ta ce masa ya makara ko da bai makara ba. Ya shiga ya durƙusa gaban akwatin da ke maƙale a bango, ya gyara masa lokaci, domin faɗuwar ranar wannan mako ba ta makon jiya ba ce. Ya zaga ɗakuna yana gwada fitila da hita da farantin ɗumama abinci. Ya sha shayi a tsaye, ya wuce gida na gaba. Dole ya gama kafin rana ta faɗi. Daga nan har taurari su fito washegari, mu Yahudawan layin nan ba ma taɓa makunni, ba ma kuma buɗe baki mu ce wa wani ya taɓa mana.

Na'urorin tsohon yayi ne. Shi uwa da 'ya'ya yake ce musu. Uwar ita ce akwati mai agogo. 'Ya'yan ƙananan akwatuna ne da ake sokawa a soket, a jona musu fitila ko hita. Idan lokaci ya yi sai uwar ta yi magana, maganar ta bi wayoyin wutar da ke cikin bango, ɗan da aka kira ya kunna ko ya kashe. Kowane gida da sunan da aka ba uwarsa, kowane ɗa da lambarsa. Haka ya bayyana mini, kuma iyakar abin da na fahimta ke nan. Ni harhaɗa magunguna na je na karanto a Manchester.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin. Gwiwoyinsa sun gaji da durƙuso, matasa kuma sun koma na'urorin da ake juyawa da wayar hannu, ba sa nemansa. Zai koma ƙauyensu kusa da Tzaneen. Akwai maganar da ake yi a kansa a unguwar nan tun bara. Rabinta gaskiya ce. Ina so in cike ɗaya rabin kafin ya tafi.

Ba zan ce muku gwani ne da ba ya kuskure ba. Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, “Ban sani ba tukuna.” Misis Perkel ta kan kwana za ta ba ku labarin lokacin da fitilar ɗakinta ta daina jin kiran uwar. Obed ya bi soket-soket yana zare duk abin da ke jone, yana gwadawa, yana mayarwa, har ya gano sabon firjin da surukarta ta kawo ne yake surutu a cikin waya yana danne muryar uwar. Ya gyara. Ya kuma manta bai mayar da injin iskar kifayenta ba. Har yau idan ta ba da labarin, rabi yabo ne, rabi ta'aziyyar kifi. A wani gida can ƙasan layi akwai fitilar baranda da ke kunna kanta duk sanda hadari ya haɗo. Ya yi shekaru yana binta bai kama ta ba. Daga ƙarshe ya ce musu idan ta kama su kwashe shanya.

Abin da yake da shi wanda wasu ba su da shi, zama ne. Yawancin matsalolin gidajenmu ranar Asabar suke fitowa, ranar da ake barin tankin ruwan zafi da farantin abinci da komai a jone, kuma ranar ce ba a iya kiran kowa. Sauran masu gyara sai su zo Litinin, su tarar da komai lafiya, su ce tsofaffi ne da mita. Obed yakan bar wata 'yar na'ura a soket tun Juma'a, mai koren ido da ke ƙiftawa duk sanda magana ta wuce cikin waya. Asabar sai ya dawo da kansa. Ba a gayyace shi ba, domin ba a iya gayyatarsa. Ya ajiye mota can bakin titi, ya tako da ƙafa kamar baƙo, ya sami kujera a kusurwa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya zuba wa idon ido. Ba ya taɓa komai. Abin da ya gani sai Lahadi yake gyarawa.

A wurinsu kuwa Asabar ranar jana'iza ce. Duk Asabar da ya zauna a falon wani a Sydenham, akwai wani dangi ko ɗan coci da ake binnewa ba shi. Matarsa, Mma Selina, ta taɓa karɓe wayar daga hannunsa ta ce mini, “Ausi, ki tambaye shi wa zai binne shi. Wanda bai je ya haƙa kabarin mutane ba, nasa da farce za a haƙa.” Ausi suke ce mini, wato 'yar'uwa. Mu kuma Ntate muke ce masa, yadda ake ce wa uba.

Namu ya faru a sanyin bara.

Mahaifina, Hillel Trakman, ya haura tamanin. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar Mama. Ni ina wani bene da ba nisa, nakan tako Asabar mu ci abincin rana. Yayana Avron yana Perth, kuma ta waya yake son ubansa, kullum, da ƙarfi. Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ne Mista Barney Yudelman, sa'an Abba, shi ma gwauro. Suna gaba tun ina ƙarama. Wasu sun ce kan kujera ce a majami'a, wasu sun ce kan reshen bishiya. Idan ka tambayi Abba sai ya ce, “Shi ya sani.” Obed kaɗai ne a layin yake fita daga wannan gida ya shiga wancan, kuma ba ya ɗaukar magana daga nan zuwa can, sai dai shayi biyu a ciki.

Da ɗauke wuta ya yi tsanani, Avron ya aiko aka sa wa Abba batura, gidan ya daina sanin duhu. Ba a daɗe ba Asabar ta fara rikicewa. Sai in zo in tarar da fitilar ɗakin cin abinci a kashe, ita da ya kamata tana kunne, hitar ɗakin kwana kuma tana ta ci ba kowa a ciki. Kowane ɗa yana da maɓalli a gefe da za a iya dannawa da yatsa. Avron bai sha wahalar yanke hukunci ba. Ya ce gigin tsufa ne, Abba yana manta ranar yana danne-danne.

Abba ya ce, “Tun kafin a haife ku ban taɓa makunni ranar Asabar ba.” A wurinsa zargin hauka da sauƙi a kan wannan.

Na kai shi wurin likita. Ya amsa rabin tambayoyin daidai, rabin ya ƙi amsawa, ya ce na raini ne. Likitan ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba.

Obed ya fara zama. A zaman farko muka ga fitilar ta mutu da kanta, hannuwan Abba suna kan tebur. Na gaya wa Avron. Ya ce to ai shi ke nan, agogon uwar yake dagulawa bayan Obed ya tafi. Na tambayi Abba, ya ce lallai yakan buɗe murfin ya duba, laifi ne mutum ya duba akwatinsa? Muka dawo inda muka fara.

Obed ya ce baturan ne, tunda da zuwansu abin ya zo. Ya sa musu wata matata, ya ce wannan karon ya kama shi. Bai kama ba. Ya ce tankin ruwan zafi ne. Muka aro na Misis Perkel, ba abin da ya canja. Ya ce uwar ce ta tsufa, ya kawo wata. Ya zargi wayar shokin da ke kan katanga, ya yi mana dogon bayani da ban gane ko kalma ɗaya ba, shi ma daga baya ya ce mu manta da shi. Ya zaunar da Abba ya tambaye shi duk abin da yake jonawa ranar Juma'a. Abba ya lissafa masa: tanki, faranti, fitilar banɗaki. Duk an riga an gwada su.

Na tare Obed a bakin ƙofa na ce ya gaya mini gaskiya, Abba ne?

“Ban sani ba tukuna, Ausi. Idon yana ƙiftawa a lokacin da ban sa uwar ta yi magana ba. Ko dai wani ya canja mata lokaci, ko ta haukace, ko kuma…” Ya sosa ƙeya. “Ko kuma ban sani ba.”

Ni ma na rasa wanda zan gaskata. Wata rana Abba ya kira ni da sunan Mama. Washegari ya tuna mini sunan malamar da ta kore ni daga aji ina firamare, da dalilin korar.

Sai wata Asabar na ji ƙauri tun daga ƙofar gida. Mayafin Mama ne, wanda yake ajiyewa a kujerar gefen gado. Hitar ta kama tana fuskantarsa, gefe guda ya yi baƙi, Abba yana falo yana karatu bai ji ba. Da Asabar ta fita, taurari suka fito, na gaya wa Avron, domin ba abin ɓoyewa ba ne. Kafin mako ya zagayo ya kama ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi, ya yanki tikitin jirgi. Abba ya ce daga gidan nan sai dai a akwatin gawa. Avron ya ce abin da yake gudu ke nan.

Ya iso da kwalaye a naɗe. Juma'ar nan Obed ya zo kamar kullum. Ya zare hitar, ya jona 'yar fitila a wurinta, ya ce Abba ya ƙara bargo. Ya ɗan jima a lungun da uwar take, ya fita da buhu a kafaɗa. Ba wanda ya kula.

Asabar da rana muna tebur mu uku, Obed yana kusurwarsa da kofin shayi. Avron yana ba Abba labarin gidan tsofaffin: akwai lambu, abincinsu bisa ƙa'idar addini, akwai majami'a a ciki ba sai ya taka nisa ba. Abba yana yanka burodi kamar da bango ake magana. Koren idon ya ƙifta. Fitilar ta mutu.

Avron ya dube ni. Ya buɗe tafin hannu kawai.

Abba ba zai ce a kunna ba. Abin da aka yarda shi ne mutum ya jefa magana a iska, mai ji ya ji. Ya dubi rufi ya ce, “Ɗakin nan da duhu.”

Obed ya ce, “Da duhu kam, Ntate.”

“Mutum ba ya ganin ƙayar kifi.”

“Sai a ci a hankali.”

“Shekara nawa kana shan shayina, yau ka kurumce?”

“Shayinka ne ya kurumtar da ni, ba sukari.” Ya juya wurin Avron, wanda yake ce wa Abuti, wato ɗan'uwa. “Abuti, je ka duba agogon uwar. Duba kawai, ba taɓawa.”

Avron ya tashi ya je. Ya dawo a hankali. Ya ce ba komai a wurin sai ƙusa da shatin akwati a bango.

Obed ya ce, “Tana Alexandra, ƙarƙashin gadona. Jiya na tafi da ita.”

“To wa ya kashe fitilar?”

“Ban sani ba tukuna.”

Gidan da ba uwa, 'ya'ya suna karɓar umarni. Na leƙa ɗakin kwana, 'yar fitilar da ke wurin hita ta kama. Na dawo ina jiran Abba ya yi abin da ya iya, ya dubi Avron ya tambaye shi ko yanzu da aljanu yake dagula agogon. An wanke shi a gaban kowa. Amma bai ɗago ba. Farantinsa yake kallo, kunnuwansa sun yi ja.

Ni ban fahimci wannan shirun ba. Obed ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ajiye kofi, ya mai da hannuwa baya, ya fara zaga gidan kamar mai neman inda iska ke shigowa. Na bi shi. Ya wuce kicin, ya shiga ɗakin wanki na baya, inda ba a sa wani ɗa ba, don haka bai taɓa dubawa ba. Bayan injin wanki akwai wata siririyar farar waya a soket. Ta fita ta taga, ta bi bayan bishiyar lemo, ta shige rariyar da ke gindin katanga, ta tafi gidan Mista Yudelman.

Obed ya tsaya a kanta. Ya cire hula ya riƙe kai.

“Ausi, ni ne.”

Na ce ban gane ba. Ya ce da ya sa wa gidajen nan biyu akwatuna, shekaru da yawa, rana ɗaya ya sa, kuma suna ɗaya ya ba uwayen. Ya san bai kamata ba. Amma kowane gida layinsa daban daga turken wuta, rana kuma tana shirin faɗuwa. “Na ce gidajen da ba sa gaisawa, wayoyinsu ma ba za su gaisa ba.” Yanzu ga waya ta haɗa su. Ranakun mako Mista Yudelman yana da murhun gas da hitar gas, idan an ɗauke wuta ya kunna. Asabar ba ya kunna wuta. Lallai ya jona bargon lantarkinsa da fitilar gefen gado da farantin abinci a kan wayar nan, har da uwarsa, don kada agogonta ya ɓace. Idan uwarsa ta ce lokacin barcin rana ya yi a kashe fitila, tamu ta mutu muna cin abinci. Idan ta ce a ɗumama bargo, hitar Abba ta kama.

“Gidanku Asabar ɗin Ntate Yudelman yake bi. Shi ma nasa taku yake bi. Allah kaɗai ya san sau nawa bargonsa ya mutu yana ciki.”

Na ce bai taɓa yi maka ƙorafi ba?

“Duk Juma'a cewa yake komai lafiya lau.”

Na ce mu je mu nuna wa Avron. Ya mai da hularsa ya ce maganar ba tawa ba ce, ba tasa ba ce. Idan Avron ya ji, majami'a ta ji. Idan majami'a ta ji Yudelman yana shan wutar Trakman ta rariya, mutumin nan zai turo wayar ya zauna a sanyi har ya kashe shi. “Kin san shi. Kin san naki ma.”

Muka koma tebur. Obed ya tsaya, ya gaya wa Avron cewa kuskurensa ne: ya ba gida biyu suna ɗaya, uwar maƙwabta ce ke magana a nan. Avron ba wawa ba ne. Ya tambaya me ya sa sai yanzu, bayan duk shekarun nan, kuma me ya sa sai Asabar.

Obed ya ce, “Wannan ban san yadda zan gaya maka ba, abuti.”

Avron ya faɗi abin da ɗa ke faɗa idan tsoro ya sake shi. Ya ce saura kaɗan gida ya ƙone, saura kaɗan a raba tsoho da gidansa, duk saboda sakacin mutumin da har yanzu bai san abin da ya faru ba. Obed ya ce, “Haka ne.” Abba bai ɗago daga farantinsa ba. Avron ya maimaita maganar a majami'a kafin ya koma, kuma daga watan nan wasu gidaje suka daina buɗe wa Obed ƙofa ranar Juma'a. Maganar da na ce ana yi ke nan.

Lahadi Avron ya tafi soke ɗakin. Obed ya zo da kayan aiki, ya tarar da Abba a gindin lemo. Wayar ta riga ta dawo ta rariya, an naɗe ta tsaf.

“Ntate, na tambaye ka duk abin da kake jonawa.”

“Ka tambaya.”

“Da sun tafi da kai fa?”

“Da sai ka riƙa tura masa. Ai kana zuwa Juma'a.”

Sai da muka matsa ya ba da labarin, a gutsure. Ya riƙa jin tari ta bayan katanga. Wata Asabar ya ga mutumin a majami'a da kwat biyu, leɓɓansa sun canja launi. Juma'ar da ta biyo, bayan Obed ya tafi, ya tura kan wayar ta rariya. Ya tsaya. Can sai ya ji an ja. Da Asabar ta fita ta dawo a naɗe. Haka kowane mako, ba wanda ya ce uffan.

Na tambaye shi ko ya san wayar ce ke rikita gidan.

Ya daɗe yana murza ganyen lemo. Ya ce, “Wani lokacin na zaci ita ce. Wani lokacin na zaci ni ne.” Sannan ya dubi Obed. “Kada kuma ka zaci na yafe masa.”

Obed ya zaga gidan Mista Yudelman don ya canja wa uwarsa suna. Ya ce da ya ambaci waya, tsohon ya ce, “Wace waya?” Ya bar maganar. Ranar da Avron ya tashi, Obed ya dawo da diga. Ya haƙa ƙarƙashin katangar, ya sa waya mai kauri a cikin bututu, da abin yanke wuta nata na kanta, ya binne, ya mai da ciyawa. Tsofaffin biyu kowa na zaune a tsakar gidansa, ya ba katanga baya, yana karanta jarida. Abba ya gaya wa bishiyar lemo cewa ramin a karkace yake. Wata murya daga can ta gaya wa sama cewa a karkace yake kam. A sanina wannan ne abu na farko da suka yarda a kai tun ina yarinya.

Abba yana gidansa. Ban ce muku lafiyarsa lau ba. Har yanzu yakan kira ni da sunan Mama, kuma wata rana ƙila maganar Avron ta zama gaskiya. Amma ba a kan wannan ba, ba kuma a bara ba.

Ntate Obed, kai ne ka yi kuskuren, wannan ba a ɓoye yake ba, kai ka fara faɗa. Amma kai ne ka zauna Asabar bayan Asabar a kusurwar falon wani, ana binne naka a wani wuri, don kawai wani tsoho ya ce bai taɓa ba kuma ba ka ga dalilin ƙaryata shi ba. Ni da aka haifa a gidan na gaji da rashin sani, na so a yanke kowane hukunci a huta. Kai ba ka gaji ba. Ka yi ta cewa ba ka sani ba har ka sani. Da ka sani kuma, ka ɗauki rabin laifin da yake naka, ka haɗa da rabin da ba naka ba, ka fita da su ta ƙofar gaba, don tsofaffi biyu masu taurin kai su ci gaba da gabarsu cikin ɗumi. Na Sekgobela, mai jiran fitila. Ban san sunan wannan a sana'arku ba. Ba na jin a makaranta ake koyar da shi.

Ban rubuta wannan ba sai da na nemi izinin tsofaffin biyu, kuma ta hannun Obed na nema, tunda ba wata hanya. Obed ɗin ne ya fara ƙi. Na ce masa zai tafi, su kuma bututun yana ƙasa, ba mai iya turo shi ta rariya. Abba ya ce in rubuta abin da na ga dama, ba mai karanta ni. Mista Yudelman ya ce, “Ka gaya mata ta rubuta cewa wayar ubanta siririya ce. Ko abin kirki ba ya iya yi da kyau.” Na rubuta.

Avron, yanzu ka san me ya sa sai Asabar. Lambar wayar Obed ba ta canja ba.

Juma'ar da ta wuce ya zo gidanmu zagayensa na kusa da ƙarshe. Ya nuna mini yadda ake gyara wa uwar lokaci, na yi, ya ce ba haka ba, na sake. Abba ya rako shi har ƙofa, abin da ba ya yi wa kowa.

“Matarka tana tambaya wa zai binne ka. Ka gaya mata ta sa ranar Lahadi. Asabar ba ma hawa mota.”

“Kai za ka riga ni, Ntate.”

“To kai ka zo nawa. Mu ba ma jira, ka bar wayarka a kunne.” Ya nuna katanga da haɓa. “Wancan ma zai zo naka, in ya riga ya ji zan je. Ka sa mu a mota daban.”

Mun gode, Ntate Obed. Allah ya huta da gwiwoyinka, ya ba Mma Selina Asabar ɗinta. Ga sauranmu kuma, musamman mu da muka je nesa muka dawo da saurin yanke hukunci: kafin ku naɗe wa tsoho kaya a kwali, ku je ku zauna a gidansa yini guda, hannu a gwiwa, ku ga abin da ke faruwa. Ku sake zuwa idan ba ku gane ba.

Ya bar mini koren idon. Yana soket ɗin ɗakin cin abinci. Ranar Asabar ni nake zama a kusurwar.